Habsa da Takardar Rijiyar Dabaga

Idan ka bi babbar hanyar Dagmanet ka wuce rumfar mai walda, za ka ga wani ɗan shago mai koren ƙyaure. An rubuta «Secrétariat public» a samansa, rana ta cinye rabin haruffan. A nan Habsa take zama daga ƙarfe takwas na safe zuwa la'asar tana buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, takardar sayar da babur, gayyatar suna, koke zuwa meri, wato ofishin magajin gari. Ni malamin lakwal ne, na fi shekara goma ina kai mata tambayoyin jarrabawar ajina. Abin da zan faɗa a kanta, wani a gabana aka yi, wani ita ta ba ni da bakinta.

Ɗiyar baduku ce daga tsohon gari. Ta yi koleji, jarrabawar ƙarshe ta kayar da ita sau biyu, sai wata gwaggonta ta sa ta koyon buga takarda. Yatsunta suka karɓi aikin. Ta samu wuri a biro, wato ofishin wani mai kai baƙi yawon hamadar Tenere, tana buga masa jerin sunaye da wasiƙu da Faransanci. Shekarar da baƙin suka ɗauke ƙafa, mutumin ya rufe biro, ya ce ta tafi da ordinatar, wato kwamfutar da take aiki a kai. Da shi ta buɗe shago. Tun lokacin ta canza ordinatar sau uku, kuma duk sanda aka canza sai a kwashe abin da ke cikin tsoho a juye cikin sabo, domin Habsa ba ta goge komai.

Inda take da rauni shi ne wurin sa wa takardun suna. Mutum yana tsaye a kanta, wani yana jira a bakin ƙofa, sai ta rubuta abin da ya fara zo mata ta adana. Na taɓa leƙa ekran ɗinta na ga «lettre», «lettre 2», «lettre bon», «lettre bon bon», da wata mai suna «tsoho mai rawani». Akwai dosiye mai suna «ancien», a cikinta akwai «ancien ancien». Takardun sun haura dubu goma sha shida.

Mai gyara mata ordinatar wani ne Mourtala, sa'anta ne, yana da rumfar gyara kusa da babbar kasuwa. Ya gaji da zuwa cire mata cutar da kile na mutane, ƴan abin ɗaukar takardun nan da ake soka wa ordinatar, ke zuba mata, wata rana ya share tsarin gaba ɗaya ya sa mata Linux. Wata guda ba ta gaishe shi da daɗi ba. Daga baya ta saba, sai dai abu ɗaya: idan ta danna ɗan madubin bincike ta rubuta suna, tsohon ordinatar ɗin sai ya sandare, linzami ya ƙi motsi, dole a kashe a kunna.

Mourtala ya ce, “Rabu da madubin nan, ya fi ƙarfin injinki. Ga inda ake nema.”

Ya buɗe mata wata baƙar taga da babu hoto ko ɗaya a ciki, sai wani ɗan farin layi yana ƙiftawa. Ya ce sunanta tarminal, a nan rubuta wa ordinatar umarni ake yi. Ya koya mata guda biyu. Na farko find, mai neman takarda da sunan da aka sa mata. Na biyu grep, mai buɗe takardu yana neman kalma a cikinsu. Ta rubuta su a wani littafin ɗan lakwal, ta ajiye ƙarƙashin kilabiye, wato allon maɓallan rubutu. Na farkon kawai ta riƙa amfani da shi jefi-jefi, kuma ba ta taɓa son tagar ba.

Ta ce mini, “Malam Karim, abin nan ba shi da tarbiyya. In bai samu abu ba, ko ‘babu’ ba zai ce maka ba. Sai ya sauka sabon layi ya tsaya yana kallonka.”

Wata Talata cikin bazara, ina zaune ina jiran a buga mini tambayoyin lissafi, wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu da ɗan buhu a hannu. Ya yi sallama, ya ajiye buhun a gefen tebur, albasa ce. Sunansa Inoussa, asalinsa ɗan Agadez ne, amma tun zamanin mahaifinsu suke da garka a Dabaga, can yake zaune.

Bayan gaisuwa ya ce, “Ɗiyata, ke kika buga mana wata takarda, ni da yayana marigayi Issouf. Ita na zo nema.”

“Yaushe ne, Baba?”

“Shekara goma, ko sha ɗaya. Shekarar da albasa ta ruɓe.”

Ya yi bayani a hankali. Da mahaifinsu ya rasu, sun raba garka biyu, rijiya ta faɗo daidai kan iyaka. Suka zo gari da shaidu uku aka rubuta cewa rijiyar ta su biyu ce, kowa da ranarsa. Damanar bara ruwan ƙorama ya shigo masa gida, ya tafi da ɗakin da akwatin ƙarfen da takardar ke ciki. Kwafin yayansa ba wanda ya san inda yake. Yanzu ɗan marigayin, Habibu, ya dawo daga wurin haƙar zinariya, yana son ya zagaye garkar ubansa da waya, kuma layin da ya ja ya haɗa da rijiyar. Maigari ya ce a kawo takarda ko shaida nan da kwana goma.

Habsa ta ce, “To shaidun fa?”

“Biyu sun rasu. Na ukun wani malami ne baƙo, a masallaci muka roƙe shi ya biyo mu. Wallahi sunansa ya ɓace mini. Amma yana cikin takardar.”

Ta ja numfashi, ta ciro littafinta, ta buɗe baƙar taga. Ta buga layin farko tana duban littafin harafi bayan harafi:

find . -iname "*inoussa*"

Takardu bakwai suka fito. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya: wani Inoussa direba, wani mai neman aikin gadi, wani da ya ɓatar da katinsa. Ta gwada sunan Issouf, ta gwada Dabaga, ta gwada «jardin», wato garka. Ba ita. Ta san dama da wuya a ce ta sa wa takardar suna na hankali. Sai ta juya shafi zuwa umarni na biyu, wanda ba ta taɓa gwadawa ita kaɗai ba:

grep -ril inoussa .

Ordinatar ya yi gurnani na kusan minti goma, sannan ya sauka sabon layi. Ba komai.

“An samu?” in ji Baba Inoussa.

“Ku ɗan ƙara haƙuri, Baba.”

Ta sake bugawa, ko ta yi kuskure. Shiru. Ni na ce mata ta gwada kalmar da ta tabbata tana nan. Ta rubuta «Agadez», kalmar da take sawa a saman kowace wasiƙa tun ranar da ta buɗe shago. Takardu goma sha ɗaya kacal suka fito cikin dubu goma sha shida. Ta ture kilabiyen, ta ɗauki waya.

“Mourtala, girep ɗinka makaho ne.”

Ina jin muryarsa daga inda nake. Ya ce ba makaho ba ne, takardun nata ne a naɗe suke, kamar kaya cikin ƙulli, shi kuwa grep rubutu tsirara kawai yake karantawa. Sai an warware su duka an mayar da su rubutu zalla a wata dosiye dabam.

“Shekara nawa da ka koya mini, ba ka faɗa mini wannan ba?”

“Ba ki tambaya ba, Hajiya.”

“Ta yaya zan tambayi abin da ban san yana nan ba?”

Ya zo bayan azahar, ya buga wani dogon layi, ya ce kada a taɓa ordinatar ɗin sai ya gama, zai ɗauki sa'o'i. Baba Inoussa ya tafi gidan ƙanwarsa a tsohon gari, ya ce zai dawo gobe. Ni ma na tafi da tambayoyina a hannu, washegari a allo na rubuta wa yara.

Aikin da aka ce na sa'o'i ne, kwana uku ya ci. Ranar farko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakiya, aka koma farko. Rana ta biyu injin ya yi zafi ya kashe kansa, sai da Habsa ta juya masa fankar da take fifita kanta, ta zauna tana zuba gumi. Masu kawo aiki suna zuwa tana ba su haƙuri, wasu suka wuce wani shago. Baba Inoussa kuwa kullum ƙarfe tara yana kan benci, carbi a hannu, ba ya cewa komai. Ta ce mini da zai yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi.

Ranar Juma'a da safe aka gama. Na zo na tarar ta sake buga layin neman sunan. Wannan karon ekran ya cika ya zube, sunaye suna gudu sama. Takardu ɗari huɗu da goma sha biyu ke ɗauke da sunan Inoussa.

“Ashe rabin garin nan Inoussa ne,” in ji ta.

A littafin akwai wani layi da Mourtala ya ƙara mata, mai tace sakamako da kalma ta biyu, a ce takardar da ke da Inoussa kuma take da Dabaga. Layin yana buƙatar wata alama mai kamar sanda a tsaye, kuma alamar tana kan maɓallin shida, maɓallin da ya daɗe da lalacewa, wanda kuma ɗan gajeren layin da ke gaban «ril» yake kansa. Sai ta sa murfin biro ta danna da ƙarfi, wani lokaci ya ƙi fitowa, wani lokaci ya fito guda biyar a jere. Duk harafin da ya ƙaru ko ya ragu, tagar ta mayar mata da wani dogon ƙorafi da ba ta gane ba. Sau shida tana bugawa kafin ya karɓa. Takardu tara suka rage. Ta buɗe su tana addu'a. Takardar ƙungiyar masu albasa, takardar sayen injin ban ruwa, wasiƙar wani ɗalibi. Ba ita.

Sai ta ce, “Baba, ku ba ni katinku in gani.”

A katin an rubuta Younoussa. Ya ce a takardar haihuwarsa kuma Inoussa ne, wani likita ma ya taɓa rubuta masa Inusa. Ta gwada ukun. Ta gwada yayan nasa: Issouf, Issoufou, Youssouf, Youssoufa. Kowane suna ya kawo nasa ɗaruruwan, kowanne ta tace da Dabaga, ta tace da «puits», wato rijiya. Har aka fara tafiya masallaci ba a samu komai ba.

Asabar ce ranar da ta yi abin da har yanzu take jin kunyarsa. Kwana biyar ke nan cikin goman da maigari ya bayar. Dattijon ya ɗan matso ya ce, “Ɗiyata, ko dai ba ki duba da kyau ba? Na ga ke ba ki buɗe komai, rubutu kawai kike yi a baƙin wuri.”

Ta juyo. “Baba, kwana biyar na rufe aikina saboda ku! Kun tabbata ma a nan aka buga? Masu buga takarda nawa ne a Agadez? Ba ku san shekara ba, ba ku san shaida ba, sunanku ma uku ne. Da mi zan nema?”

Muryarta ta tashi har mai walda ya leƙo. Baba Inoussa ya sunkuyar da kai, ya jawo takalmansa da ƙafa. Ya ce, “Gaskiyarki. Na ɗora miki nauyi. Amma a nan ne. Kina goye da jinjiri ranar.”

Ta rufe fuska da gyale na ɗan lokaci. Ɗiyar tata ta ƙarshe yanzu tana aji biyar. Ta tashi ta zuba masa ruwa a kofi, ta durƙusa ta miƙa masa, ta ce ya yafe mata, zafi ne da gajiya. Ya ce ba komai. Ta koma kujera amma ba ta taɓa kilabiye ba.

Ta ce, “Mu bar sunaye. Ku ba ni labarin ranar. Mi aka rubuta a ciki?”

Ya ce shi bai iya Faransanci ba, ita ce ta fassara musu da Hausa bayan ta gama. Akwai maganar rijiya, akwai dabinai, akwai ranakun ban ruwa. Ta ce duk waɗannan ta gwada, takardun garka sun yi yawa. Ya ja carbi. Can ya yi ɗan murmushi.

“Kun yi gardama da marigayi. Lokacin ba mu da inji, da raƙumi muke jan ruwa. Ya ce dole a rubuta cewa takarkart ɗin ma na mu biyu ne. Kika ce ba ki san sunansa da Faransanci ba. Ya ce ki rubuta shi yadda yake.”

Takarkart shi ne itacen da ake kafawa a bakin rijiya da ƙarfen juyi, dabba ta ja guga a kai. Habsa ta tuna da kalmar, ba ta tuna yadda ta rubuta ta ba: da «ta» ta fara ko da «te», da «t» ta ƙare ko babu. Sai ta yanke kan da wutsiyar, ta bar tsakiya:

grep -ril karkar .

Muka zuba wa ekran ido mu uku, har da shi da ba ya karatu. Layi ɗaya ya fito. Sunan takardar «devoir CM2 bis».

Ta dube ni, na dube ta. Jarrabawar ajina ce. Ashe ranar ta buɗe takardata ta goge abin da ke ciki ta buga tasu a kai, don kada ta sake gyara gefe da gefe, ta ƙara «bis», wato na biyu, ta adana. Da ta buɗe, ga yarjejeniyar nan cikakkiya. Sunansa ta rubuta shi «Innoussa» da n biyu. Yayansa «Issif». Garin kuma, garkar da ke «d'Abaga».

Na ɗauka za ta yi murna. Sai ta bugi tebur. “Ni ce! Kwana biyar ina zagin inji, ashe ni na ɓoye ta da hannuna.”

Baba Inoussa bai damu da wannan ba. “Karanta mini shaidun,” in ji shi.

Na ukun shi ne Malam Baha'uddeen, mazaunin Ingall. Ta buga masa kwafi biyu, ta gaya masa gaskiya cewa takardar ba sa hannu, ba dangwale, ita kaɗai ba hujja ba ce, sai in malamin yana raye kuma ya tuna. Washegari ya shiga motar Ingall.

Kusan wata guda ba mu ji ɗuriyarsa ba. A cikin kwanakin Habsa ta ɗauri aniyar gyara sunayen takardunta duka, kowace da shekara da sunan mai ita. Ta yi guda sittin da wani abu, aikin jarrabawar ƙarshen shekara ya taso, ta bari. Mourtala ya kawo mata wani kilabiye na hannu, ya ce maɓallin shidansa lafiya lau. Da ta gwada, maɓallin «e» ne ba ya aiki.

Ranar da dattijon ya dawo ina nan, na kawo takardun sakamakon yara. Ya zauna, ya ba mu labari. Ya samu malamin da rai, idonsa ya yi rauni amma hankalinsa garau. Ya tuna ranar, har ya tuna an ba shi shayi a shagon. Aka ɗauko shi zuwa Dabaga, aka zauna gaban maigari, wani ɗan koleji ya karanta takardar ya fassara. Habibu bai yi musu ba ko kaɗan, ya ce shi dama bai san da maganar ba, ya janye wayarsa ya bar rijiya a waje.

Habsa ta ce, “Alhamdu lillahi. To madalla, Baba.”

Ya ciro kwafin daga aljihu, ya sha naɗi har ya yi laushi, ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗora yatsa a wani layi da aka ja wa biro.

“Nan wurin. Yaron ya karanta wai dabinai uku na gabas da rijiya na Issouf ne. Biyu ne nasa. Na ukun, babban, ni na dasa shi da hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina cin ƴaƴansa, marigayi bai taɓa cewa uffan ba. Yanzu maigari ya ce abin da takarda ta faɗa shi ke nan, tunda ni na kawo ta.”

Ta karanta layin. «Trois» aka rubuta, uku, ba ko shakka.

“Baba, abin da aka faɗa mini na buga. Kuma na karanta muku kafin ku dangwala.”

“Kin rubuta sunana ba daidai ba, kin rubuta na yayana ba daidai ba, kin rubuta sunan gari ba daidai ba. Lambar ce kaɗai ba za ki kuskure ba?”

Ta sake duban layin. Ni na sunkuyar da kai ina duban takardun yarana.

Ya ce, “Ki duba mini a baƙin wurin nan, ko akwai wata da aka rubuta biyu.”

Ta san babu, kalmar takarda ɗaya ta fitar. Duk da haka ta juya ta buga masa, yana tsaye a bayanta yana kallo, layin nan guda ya sake fitowa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya naɗe takardarsa, ya ce Allah Ya isar wa mai gaskiya, bai faɗi ko da wa yake ba, ya fita neman kabu-kabu.

Habsa ta bi shi da ido har ya sha kwana. Ta ce, “Malam Karim, kai ma kana ganin ni na kuskure?”

Na ce ban sani ba, ba na nan ranar.

“Ni ma ban sani ba,” in ji ta. “Abin da ya fi ci mini rai ke nan.” Ta miƙo hannu. “Kawo sakamakon. Yara nawa ne bana?”

Na ce hamsin da takwas.